Ranar da Mai Aski Ya Kwance Inji

Duk unguwar Maibula ake ce mata, saboda farcenta bai taɓa rabuwa da shuɗin bular wanki ba. Wanki da guga ne sana'arta, kuma ta iya. Farin kaya in ya fito daga hannunta sai mutum ya ji nauyin sa shi. Tsakar gidanta ɗan siminti ne ƙanƙani, amma kullum a wanke yake tas, igiyoyin shanya sun ratsa shi daga bango zuwa bango. To a tsakiyar wannan wuri, ƙarƙashin zannuwan gadon mutane, mijinta ya turo babur ya kafe da sassafe, ya koma ɗaki ya jawo buhun sifanu yana waƙa ƙasa-ƙasa.

"Wannan kuma na mene ne?" in ji ta, hannunta cikin kumfa.

"Gaskit zan canja. Ba wani aiki ba ne, kafin ki gama ɗauraya na gama."

Ya zaro abin daga leda ya ɗaga mata. Wani ɗan faifai ne siriri, da babbar ɓula a tsakiya da ƙanana a gefe. Wai shi ake shimfiɗawa tsakanin kan inji da gangar jikinsa don kada iska da mai su tsere. Nasu ya ƙone, shi ya sa babur ɗin ya daɗe yana fis-fis in an hau tudu, baƙin mai na dalala a gefensa kamar hancin mai mura. Wannan kam ta sani, ai ita ke wanke ƙafar wandunan.

Abin da ba ta sani ba shi ne yaushe mai aski ya zama bakanike. Don mijin nata aski yake yi, yana da ɗan shago a bakin titi, kujera da madubi. Bakaniken da ya saba duba musu babur kuwa yana nan da ransa da lafiyarsa, garejinsa ko nisa babu. Laifin da ya yi kawai, an hango shi zaune a kujerar sabon mai askin da ya buɗe a mahaɗa, an ɗaura masa zane a wuya. Tun ranar mijin nata, Mai aski, ya rantse. Wanda ya kai kansa wani shago, in ji shi, ya gama taɓa masa babur. Kuma ai mutumin da yake kwance injin aski ya mayar, injin babur ba zai gagare shi ba, girma kawai ya fi.

"To ka fitar da shi ƙofar gida mana."

"Bakaniken nan ya wuce ya gan ni ina fama? Allah ya kiyaye."

"Ka dai san da yamma za ka kai ni asibiti da kayan Sista."

"Da sabon inji ma kuwa, Madam."

Ta yi tsaki ta koma kan bahonta. Ba babur ɗin ne a ranta ba, kayan Sista ne, kuma a cikin kayan ma abu guda.

Sista tsohuwar nas ce da ta yi ritaya, Maibula na yi mata wanki tun kafin furfura ta cinye mata kai. Jiya da yamma ta zo da ƙafarta, abin da ba ta taɓa yi ba. Bayan ta ajiye ƙullin zannuwa da tawul, sai ta buɗe jakar hannu ta fito da wani abu naɗe a hankici. 'Yar rigar jariri ce fara, wadda zama a akwati ya mayar ruwan madara. Ta tsufa har ana ganin yatsa ta cikinta, an yi mata faci a hammata, bakin ƙasan ya fara zarewa. A ƙirji akwai ɗan tsuntsu da aka ɗinka da zare rawaya, a wuya 'yan igiyoyin ɗauri.

"Mahaifiyata ce ta ɗinka da hannunta," in ji Sista. "Duk jaririn da aka haifa a gidanmu da ita yake fitowa daga asibiti. Yanzu 'yata ta sauka, kin san shekarun da muka yi muna jira. Gobe da yamma za a sallame su. Kin gan ta nan, a kasuwa ko kallonta ba za a yi ba. Amma ke kaɗai na yarda ki sa mata ruwa."

"Mama, ki kwantar da hankalinki. Yadda kika ba ni, haka zan kawo miki, sai dai ta fi haske."

Auta na wurin lokacin. Auta ƙanwar Mai aski ce, tana da tsohon ciki, mijinta direban babbar mota ne da ba ya zama, shi ya sa ta taho gidan yayanta ta jira haihuwa. Bayan Sista ta tafi, ta karɓi rigar ta ɗora a kan cikinta, ta daɗe tana shafa ɗan tsuntsun da yatsa. "Anti, dubi ɗinki don Allah. Da ma ina da irinta." Maibula ta karɓe ta mayar cikin hankicin.

Yau da safe rigar ta fara wankewa, ita kaɗai, a ruwa mai ɗumi, ba cuɗa ba murɗa, sai dannawa a hankali. Ta fito fes. Sai dai maƙalin shanya zai huda ta, rana kuma za ta ƙarasa cinye zaren. Saboda haka ta shimfiɗa ta a bakin kwandon tsumma da ke inuwar ƙofar kicin, inda iska ke shiga ta ƙasa da sama. Kwandon nan nan ne makomar duk wani tsohon yadi na gidan, singiletin da ya mutu, ƙafar wando, rigar filon da mai ita ya ce a yar. Auta na zaune kusa da shi a kan kujera 'yar tsugunne tana tsince shinkafa.

Sannan aka fara ƙazanta.

Mai aski ya cire kujerar babur, ya cire tanki. Abin da ke ƙarƙashin tankin, tir. Ƙura ce ta shekaru ta haɗu da maiƙo ta zama danƙo, kuma cikin danƙon nan gashi ne cunkus. Gashin kawunan mutane. Kullum a bayan babur yake ɗaure zannuwan askinsa in zai taho gida, ashe duk abin da ya kakkaɓo nan yake taruwa, baƙi da fari, na kai da na gemu. Ya sa yatsa ya kwaso wani curi, sai ga busasshiyar tsaka a ciki, ta shanye kamar ganye.

"Kin ga 'yar haya," in ji shi yana dariya, ya yarfar a simintinta.

Maibula ta kawar da kai. Ita da ke wanke zannuwan marasa lafiya ba ta yamutsa fuska, amma gashin wani ƙato da ba ta sani ba, a jiƙe da maiƙo, a ƙasan shanyarta, wannan ya fi ƙarfinta. Ta bi igiya tana janye zannuwa can ƙarshen bango, tana duba kowanne ko wani sili ya manne.

Kafin ta juyo ya ɗauke ƙaramin bahon ɗaurayarta ya tura ƙarƙashin inji. Baƙin mai ya tsiyayo, kauri kamar kwalta, yana wani wari mai ƙauri da ke kama maƙogwaro. Kwanon da take dama sitati ya zama wurin zuba notuna. Wayarsa ya jingina da gwangwanin garin sabulu, wani mutum a ciki yana bayani da wani yare, sanye da safar hannu, teburinsa ƙal kamar na likita. Mai aski kuwa duk lokacin da zai mayar da maganar baya sai ya bar wa wayar tambarin babban yatsa.

"Burushin wa ke nan a hannunka?"

"Tsohon nan ne."

"Mai launin kore nawa ne."

Ya dubi burushin haƙorin, ya dubi fetur ɗin da ya tsoma shi a ciki. "Ai ya isa canji dama."

Ta juya ta koma kan wankinta. Ya kwance salansar hayaƙi, ya kwance kafireta, ya cire fulogi ya hura ya ajiye a kan dutsen wankinta. Da ƙyar da gumi da salati ya ɗago kan injin. Tsohon gaskit ɗin ya ƙone ya manne, rabi a sama rabi a ƙasa, kan fistin ya yi baƙi ƙirin kamar gindin tukunya. A nan kam sana'a ta motsa. Ya zaro sabuwar reza, ya ɗora kan injin a cinya, ya karkata shi gefe yana kankarewa a hankali, har da ɗan leƙen nan da yake yi wa mai gyaran fuska. Baƙin ɓarɓashi na zuba a siminti, iska na wasa da shi.

Warin fetur ne ya kori Auta. Ta ture farantin shinkafa, ta toshe baki da mayafi, ta miƙe da ƙyar. Ko a hakan sai da ta tsaya a kan kwandon.

"Anti, in juya miki ita? Saman ya bushe."

"Bar ta kawai."

Auta ta shige ɗaki. Maibula ma ta kwashe busassun kaya ta shige ɗakin guga ta turo ƙofa, don ta gaji da gani. Ta jona dutsen guga, ta fara da zannuwan Sista, sannan fararen rigunan wani malamin makaranta mai tsirfar tsiya, wanda ke ɗaga wuyan riga a rana yana dubawa kafin ya karɓa. Tana tsakiyar wuyan riga ta ji shi.

"Madam, tsumma."

Ta leƙa ta taga. Yana tsaye, hannuwansa dumu-dumu har gwiwa, ɗaya ya nufi farin tawul ɗin da ya rage a igiya.

"Wallahi hannun nan ya taɓa tawul ɗin nan, yau unguwa za ta ji mu."

"Mutumin nan na waya ya ce a toshe ramin da sarƙa ke bi da tsumma mai tsabta, kada noti ya faɗa cikin inji. Mai tsabta ya ce."

"Ga kwando can. Ɗauki wanda ya yi maka, ka daina kirana."

Ta faɗi haka ta juyo da sauri, don hancinta ya gaya mata dutse ya daɗe a wuri guda. Ta ɗaga. Saura ƙiris. Ta yayyafa ruwa tana zagin babur da mai babur da bakaniken da bai iya zama da mai askinsa ba, ba abin da ke kanta sai wuyan rigar nan.

Rana ta karkata kafin ta gama. Ta jera kayan Sista a farar takarda yadda ta saba, ta rage wa dutse zafi, ta shimfiɗa hankicin da za ta ɗora a kan 'yar rigar ta goge ta cikinsa. Ta fito ɗaukowa.

Bakin kwando babu komai.

Ta duba ƙasa. Ta duba bayan duron ruwa. Ta juye kwandon a ƙofar kicin ta bi tsummokaran ɗaya bayan ɗaya. Ta leƙa magudana, ta ɗaga kai ta dubi bango ko iska ce, alhali ko ganye ba ya motsi.

"Maigida, ka ga wata 'yar riga a kan kwandon nan?"

Ya riga ya shimfiɗa sabon gaskit, ya mayar da kan injin, ya rufe murafu, yanzu notuna yake ɗaurewa, wannan kusurwa sannan waccan, kaɗan-kaɗan yadda mai safar hannu ya koya masa. Ko ɗago kai bai yi ba.

"Riga kuma? Ni tsumma na ɗiba. Ga su nan."

Ya nuna da haɓa. Tarin baƙaƙen tsummokara ne a gefen baho, sun sha mai sun yi laƙwas. Ta ɗauko sanda, don ko kusa ba za ta sa hannu ba, ta riƙa ɗaga su tana kawar da fuska. Singileti. Ƙafar wando. Rabin rigar filo. Wani safa. Babu ita. Ta sauke ajiyar zuciya, sai kuma tambaya ta taso mata. In ba ta nan, tana ina?

Nan fa zuciya ta fara kawo mata abin da ta ga dama. Wa ya zauna kusa da kwando tun safe? Wa ya ɗora rigar a ciki jiya yana shafawa? Wa ya ce da ma yana da irinta, wa ya tsaya zai juya? Kuma gaskiyar magana, Maibula ta daɗe da ƙosawa da Auta. Ba wani babban abu ba ne. Kofi ne a bar shi ba wankewa, gashi ne a mataji, sai gwangwanin nan da take tofa yawu a ciki tana turawa ƙarƙashin gado, wanda ko tuna shi Maibula ta yi sai tsigar jikinta ta tashi. Ba ta taɓa faɗa ba. Yau duk suka taru suka zama hujja.

Ta ji Auta a banɗaki tana kakari. Ta shiga ɗakin da Auta ke kwana.

Jakar haihuwa na kan gado, a zuge. Ta buɗe ta zazzage. 'Yan rigunan gwanjo ne da aka wanke aka ninke ƙanana-ƙanana, nafkin da aka yanka daga tsohon zani aka kalmashe bakinsu da hannu, sabulu guda a takardarsa, hular ulu, safa wadda ƙafa ɗaya ta fi ɗaya duhu. Ta bi su duka tana warwarewa. Tana cikin girgiza wani zani ta ji inuwa a ƙofa.

"Anti, me kike nema?"

Auta ce, fuskarta a jiƙe, hannu ɗaya a ƙugu.

"Rigar Sista ce ban gani ba."

"A jakata."

"Ko'ina nake dubawa."

Auta ta kalli kayan ɗanta a watse a kan gado, wasu a ƙasa. Sannan ta tako ta ɗauki jakar, ta zuge wani ƙaramin zif na ciki da Maibula ba ta lura da shi ba, ta juye. Katin awo ne da allurar ɗinki. Ta ɗaga filo. Ta kwance mayafinta ta kakkaɓe. Ba ta ɗaga murya ba ko kaɗan.

"Saura ƙarƙashin gado, Anti. Ni ba na iya sunkuyawa."

A nan ya kamata Maibula ta ce yi haƙuri. Kalmar na bakinta ma. Amma tsoron fuskar Sista ya cika mata ciki, sai ta ji kanta tana cewa, "In ɗinkin kike so ki kwaikwaya, ba komai ba ne, ba wanda zai ji. Ki ba ni kawai in goge."

Auta ta dube ta. Wani irin kallo ne, ba na fushi ba, irin wanda ake yi wa abin da aka taka a hanya. Sai ta durƙusa da ƙyar, ta dafa gado, ta fara tsince kayan tana ninkewa yadda suke da. Maibula ta miƙa hannu za ta taya ta.

"Bar shi."

Ta zuge jakar ta rataya, ta ɗauki takalmi. A tsakar gida ta raɓa ta gefen bahon mai tana toshe hanci.

"Ke kuma ina zuwa da wannan jaka?" in ji yayanta.

"Gidan Goggo."

"Da wannan cikin? Tsaya in tayar in kai ki, yanzun nan na gama."

"Ƙafata lafiya lau, Yaya."

Ta fita ta ja ƙofa a hankali. Mai aski ya dubi matarsa, ya ga fuskar ba ta tambaya ba ce, ya koma kan salansa. Maibula ta sake juye kwandon. Ta shiga kicin ta buɗe tukwane, abin da ko mahaukaci ya san rigar ba ta ciki. Haushin kowa take ji, har da Sista da ta rasa wanda za ta ɗora wa wannan kaya sai ita.

Shi kuwa ya mayar da tanki da kujera, ya zuba sabon mai, ya goge hannu a wando. Noti guda ya rage a kwanon sitati. Ya jujjuya shi, ya ce wannan dama ƙari ne, ya jefa a aljihu. Ya hau, ya yi bismilla, ya buga kik. Shiru. Ya sake. A na gaba injin ya kama.

Kuma don Allah ya kama da kyau. Babu fis-fis, babu dalala. Mai aski ya baje baki, ya murɗa hannu, ƙara ta cika gidan.

"Madam, fito ki ji. Ina bakaniken? A gaya masa ya ci gaba da aski a mahaɗa."

Ta fito ƙofar kicin da murfin tukunya a hannu. Hayaƙin salansa na bugun tawul ɗin da ta manta a igiya, za ta yi magana ke nan sai ta tsaya. Ƙarƙashin warin fetur da na ƙonannen mai akwai wani wari siriri. Duk duniya ba wanda ya san shi kamarta. Shi ne warin da ke tashe ta daga tunani in dutse ya daɗe a kan yadi. Auduga ce ke ƙonewa.

"Kashe."

"Ki bari ya yi zafi mana."

"Na ce kashe."

Kafin ya kai hannu injin ya yi wani gurnani, kamar abu ya shaƙe shi, ya yi tari ya mutu da kansa. Gidan ya yi tsit.

Ta zagaya babur ɗin ta gefen bango, gefen da ba ta duba ba ɗazu. A bakin wani zagayayyen murfi da ke jikin kan injin, wani ɗan zare ya leƙo, murfin ya danne shi. Ya kwanta a kan ƙarfe mai zafi, bakinsa ya yi ja yana hayaƙi. Ba zare ba ne. 'Yar igiyar ɗaurin wuya ce.

"Buɗe nan."

"Yanzu fa na ɗaure..."

"Maigida, buɗe."

Ya dubi igiyar, sai ta ga fuskarsa ta sauya. "Tsumman ramin sarƙa," in ji shi a hankali. "Ban cire ba." Ya ɗauko sifana, ƙarfen na ƙona shi yana yarfewa. Murfin ya fita. Ciki sarƙa ce a kan haƙoranta, kuma tsakanin sarƙar da haƙoran wani baƙin abu ya naɗe ya cushe.

Bai kai ga sa hannu ba ta ture shi. Matar da ɗazu take ɗaga tsumma da sanda, ita ce ta cusa yatsunta cikin mai mai zafi har wuyan hannu. Ta ja, ya yage. Ta sake ja. Ya riƙa fitowa guntu-guntu, yana yauƙi, wani ma sarƙa ta ja shi can ƙasa inda yatsa ba ya kaiwa. Ta tara a tafin hannu. A guntu mafi girma ta sa babban yatsa ta share. Ga ɗan tsuntsun nan, rabinsa, zaren ya koma ruwan ƙasa.

"Wallahi tsumma na gani," in ji Mai aski. "Duk ya fi su tsabta. Har da faci a jiki. Ke kika ce in ɗauki wanda ya yi min."

"Na sani."

"Ba za ta wanku ba? Ke da kike fitar da..."

Ta ɗago ta dube shi, ya haɗiye sauran. Ta fitar da jini, ta fitar da tawada, ta fitar da tsatsa. Wannan ba tabo ba ne, babu rigar da za a wanke. Ta so ta zage shi, ta nemi zagin ta rasa. Ƙyamar da ta yini tana yi wa gashi da mai da gwangwanin yawu duk ta juyo ta zauna mata a ƙirji, kuma wannan karon ba kowa take ƙyama ba sai matar da ta zazzage jakar mai ciki a kan gado.

Wayarta ta yi ƙara a ɗakin guga. Ta danna da gwiwar yatsa.

"'Yata, likita ya sa hannu," in ji Sista, murya cike da murna, ana jin kukan jariri a bayanta. "Ke kawai muke jira. Ta yi haske?"

"Ina hanya, Mama."

Ta sa sabulu ta wanke hannu, ta sake, man ya shige ƙarƙashin farce ya kori bular ya zauna. Ta haƙura. Da gefen hannu ta ɗaure ƙullin Sista ta aza a ka. Guntayen kuwa ta naɗe su a farar takarda, yadda take naɗe kowane kaya da ta gama. Ta wuce mijinta a tsugunne gaban buɗaɗɗen inji, ya tallafe haɓa da baƙin hannu.

A bakin titi, wurin jiran mota, Auta na zaune a benci, jakar a kan cinya, ƙafafunta sun kumbura sun cika silifa. Motar unguwar Goggo ba ta cika zuwa da wuri ba. Maibula ta tsaya a gabanta. Man ya riga ya huda takardar ya fito. Ta buɗe ta miƙa.

Auta ta daɗe tana kallon rabin tsuntsun.

"A ina?"

"A cikin inji. Ni na ce ya ɗiba a kwando." Ta matso kusa da bencin. "Auta, ki yi wa Allah ki koma gida. Na yi miki abin da bai kamata ba."

"To ai kin samu, Anti."

Mota ta tsaya, yaron mota na kiran unguwar Goggo. Auta ta dafa benci ta miƙe, jakar ta zame mata daga kafaɗa. Maibula ta kai hannu da sauri za ta riƙe mata. Auta ta dubi hannun, baƙin farcen da maiƙon da ya kwanta a layin tafi, ta janye jakar ta rungume a kan cikinta.

"Bar shi, za ki ɓata min kaya."

Ta hau a hankali, wata mata ta matsa mata. Motar ta tashi. Maibula ta naɗe takardar, ta gyara ƙullin a ka, wayarta na ta ƙara a ƙugu. Ta tsallaka titi ta kama hanyar asibiti a ƙafa.